Ruɓaɓɓun Duwatsun Ƙofar Gidanmu

Ƙaras, ƙaras. Ƙarar da na ji ke nan a ƙarƙashin takalmina wata yamma, shekarun baya, a ƙofar gidanmu da ke unguwar Yantala a Yamai. An yi ruwa da asuba, unguwa duk tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, daga cikin gida kuma ƙamshin albasa a cikin mai yana fitowa, don washegari ne sunan ɗan yayana. Na sauka daga taksi a bakin gudron, wato kwalta, na tattare zanena kamar kullum don in tsallake kududdufin da ke kwana a ƙofarmu duk damina. Sai na tarar babu kududdufi. An cike shi da duwatsu, an daddaɓe tsaf. Har na ji daɗi. Na taka, na sake takawa, sannan na tsaya cak. Tsakuwar da ake sayowa a cike rami ba haka take kuka ba. Wannan murmushewa take yi a hankali, kamar mutum ya taka ƙanzo. Dutse iri ɗaya na sani mai yin haka, kuma na san inda na ajiye shi.

Ku da kuke bibiyata a nan kun saba ganin ina rubuta baitoci a kan kogi da farin wata, da yawanku ba ku san ilimin duwatsu na karanta ba. To bari in koma baya kaɗan.

Ma'adini irin zinariya ba faɗowa ya yi daga sama ba. Tun can zamanin da, wani ruwa mai tsananin zafi ne ya bi tsagogin duwatsu ɗauke da shi, ya sauke shi a wani wuri, ya wuce. Duk dutsen da ruwan nan ya ratsa kuwa bai koma yadda yake ba. Baƙi ya koɗe ya yi fari-fari, wani ya yi kore, wani ya yi ja kamar tsatsa, mai tauri ya yi laushi har ka iya murje shi da yatsa. Ruwan kuma ya bar masa ɗan ɓurɓushin abin da yake ɗauke da shi, wanda ido ba ya gani sai labo, wato ɗakin gwaji. Aikin mai nema shi ne ya bi layi a daji, a kowane zango ya ɓallo ɗan dutse, ya sa masa lamba, ya san daidai inda ya ɗauko shi. Daga nan a niƙa, a auna, a zuba sakamakon a kan taswira. Inda ɓurɓushin ke ta ƙaruwa, can ake kusantar gidan ma'adinin.

Tun ranar da aka fara koya mana wannan abin ya shiga raina. Wani ya wuce tuntuni, ya tafi abinsa, amma waɗanda ya taɓa har yau suna ɗauke da alamarsa. Na ɓata bayan takardun darasi da yawa ina neman baitin da zai ɗauki wannan magana, alhali lissafi aka ce in yi.

A faransanci, dutsen da ruwan bai taɓa ba ana ce masa «saine», wato mai lafiya. Wanda ya taɓa kuma «altérée», wanda in za ka fassara kai tsaye sai ka ce lalatacce ko ruɓaɓɓe. Amma a wajenmu ruɓaɓɓen shi ne ɗan gata. Mai lafiyar ana ɗauko shi ne don kwatance kawai.

A shekararmu ta ƙarshe, da sanyi, malaminmu ya kai mu can yamma, hayin kogi, wajajen Sirba. Muka yi makonni muna bin layi da guduma a hannu. Alƙalamin fentin da aka ba ni ya bushe tun da wuri, sai na koma rubuta lamba a jikin dutse da jan farcena. Mazan ajinmu suka yi ta yi mini tsiya, wai duwatsuna biki za su. Waɗanda suka yi laushi sosai ba sa karɓar rubutu, su lambarsu a jikin leda kaɗai take. Ba mu daɗe da dawowa ba hanyar ta ɓaci, ba batun ramuka ba, batun tsaro. Aka daina kai ɗalibai can. Ma'ana abin da na kwaso shi ne memwar ɗina gaba ɗaya, wato binciken da sai na gabatar da shi za a ba ni digiri. In ya salwanta babu inda zan samo wani, sai dai in ɗauki sabon batu in ƙara shekara.

Injin niƙa dutse guda ne a sashenmu, layi kuma dogo, ɗakin ajiya ya cika. Sai na kawo buhunana gida, na jera su a rumfar da ke bayan ɗakin girki. Masu lafiya gefe guda, ruɓaɓɓu gefe guda, kowane buhu da sunansa da manyan baƙaƙe.

Mahaifiyata ta tsaya tana kallo, ta riƙe ƙugu.

"Me ne ne wannan kuma, ɗiyata? Da gero aka sallame ku?"

"Duwatsu ne, Inna. Waɗannan masu lafiya ne, waɗannan kuma ruɓaɓɓu."

"Ruɓaɓɓu? Ikon Allah! Mu a Tawa albasa muka sani tana ruɓewa. Kin tafi har ƙarshen duniya kin kwaso mana ruɓaɓɓen dutse."

Muka yi dariya, na shige wanka. Iyakar bayanin da na yi a gida ke nan, ni da nake iya cika shafi uku a kan launin dutse guda.

To ranar nan da na ji ƙarar, ban san lokacin da na ratsa tsakar gida ba. Gidan cike yake da mata, masu yankan albasa, masu tsince shinkafa, masu gyaran zogale. Ko gaisuwa ban yi ba. A rumfa na tarar da masu lafiyar suna nan yadda na bar su, har an lulluɓe su da tsohuwar tabarma kada feshin ruwa ya taɓa su. Gefen ruɓaɓɓun kuwa wayam, sai buhuna a ninke da ledoji babu komai a ciki.

Ni ba mai ihu ba ce. Zama na yi a ƙasa, hawaye suka yi ta zuba. Matan tsakar gida suka biyo ni. Mahaifiyata ta iso da muciya a hannu. Mahaifina ma, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda duk unguwa ke kira Mushe, wato «monsieur» na faransanci, ya taso daga kujerarsa da rediyo a hannu.

Na ce, "Wa ya zubar mini da duwatsu?"

Kafin mahaifina ya ƙaraso, mahaifiyata ta ce, "Ni ce. Ba ke kika ce ruɓaɓɓu ne ba? Gobe maza za su taru a ƙofa, a ina za a shimfiɗa musu tabarmi, a cikin ruwa? Masu lafiyar ai an bar miki."

"Inna, ruɓaɓɓun su ne karatun."

"Su ne karatun?"

"Su ne. Ba a zuwa can yanzu. In babu su, babu digiri bana."

Ta dube ni. Sannan ta miƙa wa wata muciyar, ta gyara ɗaurin zane.

"To tashi. Hawaye ba za su tono su ba."

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta dafe ƙirji. "Yaya, ƙofar za ki tona ana gobe suna? Liman ya zo ya iske taɓo?"

"Liman ya san damina," in ji mahaifiyata. "Ku kawo tasoshi."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, dukanmu mun san in aka sake sheƙa ruwa a kansu an gama. Haka matan da suka zo girki suka bar tukwane ga ƴanmata, suka fito ƙofar gida da tasoshi da tsofaffin kwanoni, suka durƙusa a taɓo. Na ce musu duk dutsen da suka gani da jan rubutu su ware shi daban.

Gwaggona ta ɗaga ɗaya tana jujjuyawa. "Wannan ba jan farce ba ne? La ilaha! Shi ya sa har yau ba ki kawo mana miji ba, ashe kwalliyar duk duwatsu kike yi wa."

Maƙwabciyarmu, wata Bazabarma dattijuwa da muke kira Nya, wato uwa, ta matso kusa da ni ta rage murya. "Ke ɗiya, gaya mini gaskiya. Zinariya ce a ciki?"

"Ɗan ɓurɓushi ne, Nya. Ko an tara duka bai isa ɗankunne ba."

"To in kin gama da su, ni ma ƙofata akwai rami."

Kafin a jima samarin fada, majalisar nan ta masu shan shayi a kwanar layinmu, sun taso. Ɗaya ya ɗaga murya yana cewa an samu zinariya a Yantala, a ba su fili su ma. Mahaifiyata ta ce filin yana nan, su cire takalmi su shigo. Biyu daga cikinsu kuwa suka shigo. Ina kuka ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba.

Mahaifina ya ajiye rediyo. Ya sa hularsa ya fita. Can sai ga shi ya dawo daga kasuwar Katako, mai amalanke na biye da shi da katakai dogaye, waɗanda za a shimfiɗa a kan taɓon baƙi su taka. Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe ƙafar wando, ya jawo ƴar kujera bakin famfo. Duk dutsen da aka kawo sai ya wanke shi a hankali da tsohon burushin haƙori, ya gyara tabarau, ya kira lambar da ƙarfi kamar yana kiran suna a aji. Ƴanmatan gidan suka gane wasan, yana kira suna amsawa, "Ga ni, Mushe!" Shi dai bai yi dariya ba. Da na zo karɓar tasa a hannunsa ya ce, "Uwata, Allah ya ba ki haƙuri." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Masu taurin sun fito, da yawansu da lambarsu a jiki. Jan farce ya yi mini rana. Masu laushin kuwa ruwa ya riga ya sha su, sun narke a taɓo, sai zane-zanen ja da fari kamar an zuba madara a kunu ba a gauraya ba. Na sa hannu na ɗebi kaɗan, ya zurare ta tsakanin yatsuna. Ana kiran magariba ruwa ya sauko.

Washegari aka yi suna a kan katakai. Baƙi suka yi ta tafiya a layi ɗaya suna ɗaga riguna kamar masu shiga jirgin ruwa. Liman da ya ji labari ya ce ya sha zuwa suna, amma bai taɓa zuwa gidan da aka yi wa duwatsu wanka kafin jariri ba.

Ranar Litinin na ɗauki abin da ya tsira na kai wa malamina. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa. Ya saurare ni har na gama, ya ɗauki dutse ɗaya ya kai shi bakin taga.

"Waɗanda ke da lamba ba su mutu ba," in ji shi. "Taɓon ƙofar gidanku a bayansu ya tsaya. Za ki yanke bayan da zarto ki jefar, ki niƙa cikin. Aiki ne, amma zai yiwu."

Na tura masa wata tasa daban, mai ɗauke da gutsattsarin da ba su da lamba amma ba su narke ba. "Waɗannan fa, malam? Na san su wallahi. Wannan mai kama da hantar rago a gindin wata aduwa na ɗauko shi. Wannan kuma mai ɗigo-ɗigo kamar zabo, ranar da tayarmu ta fashe ne."

Ya yi murmushi. "Na yarda da ke. Amma aduwa nawa ce a wajen? Ba zan iya rubuta wa alƙalan jarrabawa cewa ɗalibata ta gane dutse a fuska ba. Dutsen da ba mu san inda aka ɗauko shi ba, ko zinariya zalla ce a cikinsa, ba zai gaya mana inda za a haƙa ba. Ajiye su a kan teburinki ki riƙa kallo."

"To in ƙara shekara ke nan?"

"Wa ya ce? Je ki auna abin da kike da shi tukuna. Kada ki yi wa taswira kuka tun ba ki gan ta ba."

Na yi watanni tsakanin zarto da injin niƙa da labo. Gashin girata ma sai da ya yi fari da ƙura. Abin da ya tsira ya ɗan fi rabi. Da sakamako ya fito na zuba shi a taswira, sai na ga abin da nake tsoro. Masu laushin da suka narke su ne waɗanda ruwan zafin ya fi ratsawa, wato su ne na tsakiyar layi, mafi kusa da abin da ake nema. Daga gabas ɓurɓushin yana hawa, yana hawa, sai ya katse. Daga yamma ma haka. A tsakiya fili fari fat, kamar an cire wa mutum haƙoran gaba.

Na kai wa malamina taswirar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa ɗaya a gabas, ɗaya a yamma, ya jawo su a hankali har suka haɗu a kan farin filin.

"Ina suke nunawa?"

"Nan."

"To me kike so kuma? Ai don haka ake wannan aikin. Da muna iya ɗauko tsakiyar a hannu kullum, da ba mu damu da maƙwabtanta ba. Ki rubuta abin da kika auna, ki faɗi abin da kika rasa, kada ki cike gurbin da zato."

Ranar gabatar da memwar, kamar yadda ake yi a Yamai, dangi suka cika bayan zaure, da kulolin abinci a ajiye a waje. Mahaifiyata ba ta jin faransanci, ƙanwata ce ke gefenta tana raɗa mata. Na yi bayanina. Da aka zo tambayoyi, ɗaya daga cikin alƙalan ya nuna farin filin ya ce ina samfuran wannan wuri suke, ko ban je can ba ne.

Na ce na je, na ɗauko. Ya ce to suna ina. Na ce suna ƙofar gidanmu a Yantala, sun narke a kududdufi.

Zauren ya ɗauki dariya. Ban ankara ba sai na ji muryar mahaifiyata daga baya, da Hausa, a tsaye.

"Ranka ya daɗe, ba laifinta ba ne. Ni na zuba su a ƙofa. Ban yi boko ba, na ji an ce ruɓaɓɓu. Ku yi mata haƙuri."

Shugaban alƙalan, wani dattijo Badamagare, ya cire tabarau ya amsa mata da Hausa. "Hajiya, zauna abinki. Ɗiyarki ta faɗi abin da ta sani, ta faɗi abin da ba ta sani ba. Ba kowa ke iya na biyun ba." Suka fita shawara, suka dawo, aka ce na ci. Gwaggona ta rangaɗa guɗa tun kafin ƙanwata ta gama fassarawa.

Daga nan labarin ya zama abin wasa a danginmu. Da an ga wani zai ajiye kaya a gidanmu sai a ce ya yi hankali, kada Inna ta cike rami da shi. Ita ma takan yi dariya, ta ce ai ƙofar ta yi kyau na wuni guda. Ni ma na sha ba da labarin a wajen aiki, in kwaikwayi muryarta wajen cewa albasa suka sani tana ruɓewa.

Yanzu aikin da nake yi ke nan, kuma in na waiwaya ba tashin hankalin nake fara tunawa ba. Matan nan nake gani durƙushe a taɓo da zannuwansu na girki, suna neman jan rubutu a jikin abin da ba su san amfaninsa ba, don kawai sun ga ina kuka. Na kuma daina jefa kalma a gida in wuce. In na ce abu ya ruɓe, nakan tsaya in faɗi irin ruɓewar da nake nufi. Gutsattsarin nan marasa lamba suna kan teburina har yau, kuma har yau ina da tabbacin wanne ne na gindin aduwa, ko da babu wanda zai karɓa.

Bara na je gida hutu, na leƙa gaida Nya, wadda ƙafa ta hana ta fita yanzu. Muna cin kopto, kwaɗon zogalen da ta fi kowa iyawa a layinmu, hira ta kai mu ranar duwatsu. Ta yi dariya har da share hawaye.

"Har yau ina ganin Mushe da burweti, baron nan na tura kaya," in ji ta. "Ya yi sharkaf da gumi, sai murna yake ya gyara wa baƙi ƙofa. Yana nuna mana rubutun buhu yana cewa ga shi nan da faransanci, waɗannan lalatattu ne, uwata ta ware su don zubarwa."

Na ajiye cokali. "Baba? Ai Inna ce ta zuba, Nya."

Ta dube ni, ta kai hannu baki. "Au. Har yanzu ba su gaya miki ba?" Sannan ta ɗaga kafaɗa. "To, ya riga ya fita. Wace Inna? Ranar tun da hantsi muka tafi Gudel ni da ita, sayen zogale da kayan miya. Muna saukowa daga taksi da azahar muka iske babanki yana juye burwetin ƙarshe."